Yadda Na Auna Kan Surukata

A ƙarshen shekarun saba'in ina da wani aiki da duk unguwarmu ta Jos Jarawa ba wanda ya gane kansa. In aka tambayi mahaifiyata me ɗanta yake yi a asibiti, sai ta ce, "Waya yake sa wa mutane a ka." Daga nan mai tambaya yakan sauya magana.

Ni asalina mai gyaran rediyo ne. Wani likita ɗan Kudu, wanda ya dawo daga karatu a ƙasar waje, shi ya kawo min rediyonsa wata rana, ya tsaya a kaina har na gama liƙa wayar da dalma. Da ya ga hannuna ba ya rawa, sai ya ce yana da wata na'ura da ta sha wahalar jirgin ruwa, ko zan zo in duba masa? Na je na duba, na tashe ta, shi ke nan ban ƙara komawa shago ba.

Na'urar ta kai girman injin niƙa. Tana da alƙaluma takwas a jere, takarda doguwa tana wucewa a ƙarƙashinsu suna ta zane. Aikin likitan shi ne binciken yadda ƙwaƙwalwa take amsa abin da ido ya gani. Shi ya fara gaya min cewa ido ƙofa ce kawai, ainihin gani a bayan kai ake yinsa, can wajen ƙeya. Na yi mamaki ƙwarai, domin ni na tashi ban san ƙeya tana da wani amfani ba in ban da shan ranƙwashi. Ya ce akwai 'yar wutar lantarki a cikin kan kowa, wadda ba ta isa ta kunna ko ƙwan tocila ba, ita alƙaluman suke rubutawa. Mukan manna wa mutum wasu 'yan fayafayan azurfa kamar maɓallin riga a fatar kai, kowanne da wayarsa, mu ƙara biyu a gefen idanu domin su nuna inda ƙwayar ido ta juya. Sai a rufe labule, a riƙa walƙa masa fitila a fuska. Akwai wata 'yar akwati a gefe da take tara amsoshin. In hasken yana isa ƙwaƙwalwa, sai ta zana tudu guda. In ba ya isa, layi ne a miƙe.

Mutane suna tsoron ɗakin nan. Wani ɗan kasuwa sai da ya sa na rantse masa cewa alƙaluman ba sa rubuta abin da mutum yake saƙawa a zuci, sannan ya yarda ya cire hula. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ina tafiya a barandar asibiti kamar ni na ƙera abin. Na sha faɗa wa abokaina cewa ranar da ban zo aiki ba, na'urar nan ko tari ba za ta iya yi ba. Kuma wallahi na yarda da maganata.

To, ga surukata. Zan kira ta Inna, domin haka matata take kiranta, kuma ko yau da ba ta duniya bakina ba zai iya ɗaukar sunanta ba. A unguwar Gada Biyu take zaune. Mijinta direban babbar mota ne tun zamanin haƙar kuza, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta riƙe gidan da ɗinkin hula. An ce in ta yi zane a hula, ko daga nesa aka hango an san hannunta ne. Sai ciwon yanar ido ya rufe mata idanu duka biyu, kamar shekara guda kafin in auri 'yarta. Wato dai Inna ba ta taɓa ganina ba. Ta ajiye allura da zare a cikin wani kwano mai murfi, ta tura ƙarƙashin gado, ta hana kowa taɓawa.

Amma rashin ganin bai rage komai daga kunyar da ke tsakaninmu ba. In na je gaisuwa, tun daga zaure nake tuɓe takalmi. In durƙusa a bakin ƙofa, idona a ƙasa. Ita kuma tana daga ciki ta juya fuska bango, ita da ko ta juyo ba abin da za ta gani. Matata 'yar fari ce, saboda haka ko sunanta Inna ba ta kira, balle nawa. In dole ta ambace ni, sai ta ce "mai babur". Shekara biyu da aure, in aka tara duk maganar da muka taɓa yi ba ta wuce ina kwana, lafiya lau, ya sanyi, da godiya ba. Kuma kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Ba wanda nake girmamawa a Jos kamar matar nan.

Ana nan sai wani babban likitan ido ya zo asibitinmu, zai yi mako biyu yana cire yana. Jama'a suka cika baranda har bakin titi. Ba zai iya yi wa kowa ba, sai ya ce duk wanda yanarsa ta yi kaurin da ba a iya hango bayan idon, a turo shi ɗakinmu tukuna. In ƙwaƙwalwa ta amsa haske, a sa sunansa a jerin masu aiki. In ba ta amsa ba, jijiyar idon ta mutu ke nan, ba amfanin a yanka mutum a banza. Za a rufe jerin ranar Juma'a da sha biyun rana. Inna ma an kawo ta, amma ta taɓa yin wani mugun zazzaɓi da ciwon kai shekarun baya, shi ya sa likitan idon ya yi shakkar jijiyarta.

Ranar Litinin na ga katinta a kan teburinmu. Ni ne mai auna kai. Ni ne mai manna faifai. Ni ne mai riƙe fitila a gaban fuska. Kan surukata, a buɗe, a hannuna!

Ban gaya wa likitanmu ba. Na farko ina tsoron a ce na cusa 'yan'uwana a layi. Na biyu, ta ina zan fara yi masa bayani? Mutumin da na gani da idona a tasha ya rungume uwar matarsa, ya ɗaga ta sama tana dariya? Sai na zauna na yi tunani, na fito da wata dabara da a lokacin na ga ba ta da na biyu. Na ce ai Inna ba ta gani. In na kama bakina ban yi magana ba, ina za ta san ni ne? Na ja wa matata kunne, na ce ta gaya mata an tura ni wani sashe.

Ranar Talata da hantsi matata ta kawo ta, ta miƙa ta hannun Sista a bakin ƙofa. Sista ita ce nas ɗin da ke taya mu aiki. Iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne masu shago, amma a Jos aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu, kuma ba ta kirana da komai sai "oga waya". Ta zaunar da Inna a kujera. Ni kuma na shigo a hankali daga baranda.

Likita ya ɗago kai daga takarda, ya dubi ƙafata, ya ce da Turanci, "Ina takalminka?"

Na duba. Ashe na tuɓe su a bakin ƙofa. A ƙofar ɗakin aikina, inda nake shiga sau ashirin a rana! Ƙafafuna ne suka yi abinsu ba su shawarce ni ba. Ba damar magana, sai na nuna masa maƙogwarona, na yamutsa fuska, wai mura ce ta kama min murya.

Ya ce, "Mura kake yi, shi ne kake yawo ba takalmi a kan sumunti, a sanyin Jos?"

Na gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallona.

Sista ta zare wa Inna ɗankwali, ni kuma na ɗaga ido ina ƙirga katakon rufi. Da dole ta sa na sauke ido, sai na ga abin da ya fi ƙarfina. Inna ta sha kitso sabo fil, ƙanana ƙanana, an shafe shi da man shanu yana ta ƙyalli. Ai mai zuwa asibiti gaban manyan likitoci ba ya zuwa da kai a yamutse. Na ɗauko tef ɗin awo irin na tela, domin sai an auna daga karan hanci zuwa tudun ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a ɗiga jan fensir a inda kowane faifai zai zauna. Hannun nan da likita ya ɗauke ni aiki saboda ba ya rawa, ranar har tef ɗin yana kaɗawa. Na yi istigfari a zuci ya fi a ƙirga. Na ɗora tef ya zame. Na ɗiga fensir bai kama ba. Na manna faifan farko, kafin in ɗauko na biyu ya sulale ya faɗi ƙasa, ƙil! Na biyu ma ya bi shi. Inna tana zaune kamar an dasa ta, ko numfashinta ba a ji.

Likita ya ajiye alƙalami, ya ce wa Sista ta gaya wa mama a tsefe kitson nan, a wanke kai da sabulu sau uku, kada a shafa komai, a dawo jibi. Inna ta ce to.

Na koma gida ina jin kaina gwani. Na tambayi matata, "Inna ta ce wani abu?"

Ta ce, "Ta ce asibitin naku akwai sanyi." Ta juya tana gyara murhu, ban ga fuskarta ba.

Ranar Alhamis na ɗaure igiyar takalmina tamau don kada su sake ci min amana. Kai ya wanku, fayafayai suka zauna daram. Aka ja labule, ɗaki ya yi duhu. Likita ya zauna gaban na'ura da 'yar fitilarsa, ni kuma na tsaya gaban Inna riƙe da fitilar walƙiya, tsakanina da fuskarta bai wuce kamu biyu ba. Duk wanda ya kalli fitilar, ni ya kalla.

Aka kunna. Alƙaluma suka fara ƙararsu, ƙar-ƙar-ƙar. Can sai likita ya ce da 'yar Hausarsa, "Mama, buɗe ido. Duba wuta."

Inna ta ce, "A buɗe suke, likita."

Ya ce min da Turanci, "Takarda ta ce a rufe suke." Gaskiyarsa. In mutum ya rufe ido, alƙaluman ƙeya sukan kama wani zane mai kyau, tuddai manya a jere, ko yaro aka nuna wa sau ɗaya zai gane. Ya taso da tocila ya haska fuskarta, ya tsaya tsakanina da ita. Ga idanu a buɗe tangararan, farare fat da yana. Ya koma ya zauna. Kafin ya gyara zama, tuddan nan sun dawo.

"Mama!"

"Na'am, likita."

"Ido!"

"Ga su nan."

Sau uku yana tasowa yana komawa. A na huɗu ta bar su a buɗe, amma sai alƙaluman gefen ido suka nutsa ƙasa suka zauna can, alamar ƙwayar idon ta koma kallon cinya. Sannan sauran suka shiga karce-karce kamar kaji a juji, domin ta sunkuyar da kai, jijiyoyin wuya sun ɗaure. Ya ce ta ɗaga kai. Ta ɗaga kamar faɗin yatsa, ta mayar. Ni kuma ina tsaye ina walƙa fitila a tsakiyar kanta, gumi yana bin bayana a cikin sanyin nan.

Da aka gama, 'yar akwatin ta zana abinta. Layi ne kusan a miƙe, da ɗan abin da ba za a kira shi tudu ba. Likita ya buɗe labule, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan, idon da ba ya neman haske domin ba ya jin zuwansa. Ya ɗauki alƙalami zai rubuta a katin. Sista ce ta ce, "Oga, a ƙara gwadawa gobe da safe mana, tsohuwa ce, wataƙila tsoro take ji." Ya ce to, gobe ƙarfe goma. In aka sake samun haka, zai rubuta ba amsa, a ba wani gurbin.

Da la'asar na tarar da matata a tsakar gida idonta ya yi ja. Ban ko ajiye babur da kyau ba na ce, "Wai me yake damun Inna ne? An ce ta kalli wuta, ta kalli wuta mana! Wani abu ne mai wuya?"

Ta ce, "Ta kalli wuta, ko ta kalle ka?"

Na ce, "Wa ya gaya mata ni ne? Ke ko? Ban ja miki kunne ba?"

Ta ce, "Ni ban ce komai ba. Tun ranar Talata, kafin ka kai tsakiyar ɗaki ta san kai ne. Wa yake haɗa min turaren wutan da nake turara maka kaya? Tun ina yarinya ita take haɗa shi da hannunta, ba mai irinsa a garin nan. Ka shiga ɗaki kana ƙamshin turarenta, wai kai mai dabara. Kuma ta ce duk faɗin asibitin nan ba wanda zai tuɓe takalmi ya shigo mata sai mutum ɗaya."

Tirƙashi! Wato kwana biyu ina kurman ƙarya, ina nuna maƙogwaro kamar wawa, ita kuma tana zaune tana taya ni rufa asiri. Ni ina yi kamar ba ni ba ne, ita tana yi kamar ba ta sani ba, na'ura kuma tana rubuta mu duka a takarda.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa. Na ce, "To ki tashi yanzu ki je Gada Biyu, ki gaya mata idonta ne a kan layi, ba wasa ba ne."

Ta ce, "Ni? Ni da ko sunana ba ta kira? Ai na gwada a hanya. Ba ta amsa min ba, da bango ta yi maganar da muka isa gida. Ta ce shekara uku tana zaune a duhu ba ta mutu ba. Ta ce ba za ta zauna kai a buɗe ta ɗaga ido ta zuba wa mijin 'yarta ba, ko da idon zai dawo."

Fushin ya tafi, tausayi ya zo, da wata irin kunya da ban taɓa ji ba. Matar nan ta yarda ta rasa idonta don ta girmama ni, ni kuma saura kaɗan in bar ta ta rasa shi don kada in buɗe baki in faɗi kalma ɗaya a gaban ogana.

Da sassafe ranar Juma'a na tare Sista a baranda, na gaya mata komai. Wayyo, da na san abin da zai biyo baya da na nemi wuri mai sirri. Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta yi shiru, ta dube ni, ta sake fashewa. Masu jiran layi suna ta kallonmu.

Ta ce, "Oga waya! Surukarka ce? Shi ne ka tsaya mata a gaba kamar soja, kana cewa ta buɗe ido? Kai, Allah ya shirye ka. Ni da ba Bahaushiya ba na san wannan. Da ka gaya min tun Litinin ai da tuni an wuce wurin."

Ta ja ni gaban likita, ta zayyana masa da Turanci, tana yi tana share hawaye. Shi bai yi dariya ba. Ya dubi tulin takardar da muka ɓata, ya dube ni, ya ce, "Amma ai ba ta ganinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ganin ba ne. Ta san inda nake."

Ya sake duban tulin takardar. Sannan ya ce, "Wato kwana biyu ba idonta nake aunawa ba, kai nake aunawa." Ya nuna ƙofa. "Fita."

Na ce, "Oga, wa zai manna fayafayan? Kuma na'urar nan tana da hali, alƙalami na uku sai an ɗan danna shi, in ta yi zafi kuma..."

Sista ta ce, "Shekara biyu ina kallonka kana yi. Ba tiyata ba ce. Amma fita kawai ba ta isa ba, sai ta ji tafiyarka da kunnenta."

Haka aka shirya. Ƙarfe goma aka kawo Inna, Sista ta auna, ta manna komai, ni ina laɓe a baranda. Da aka kunna na'ura sai ta leƙo ta taga, ta ɗaga murya yadda har masu gadi za su ji: "Oga waya! Likita ya ce ka tafi garin Kuru yanzu yanzu ka kai saƙo, kada ka dawo sai la'asar!"

Na amsa da ƙarfi, "To!" Kalmar farko ke nan da na furta kusa da Inna a makon nan. Na hau babur ɗina da na ajiye daidai ƙarƙashin tagar, na buga. Shiru. Na sake bugawa. Ya yi tari ya mutu. Babur ɗin da ko a tsakiyar damina bugu ɗaya yake tashi, ranar ya ga dama ya wulaƙanta ni. Na buga har sau bakwai, ina zaginsa a zuci da duk zagin da na sani. Agogo yana tafiya. Daga ƙarshe na tura shi da gudu a gangaren bayan ɗakin, na ɗare, ya kama da wata ƙara kamar an harba bindiga. Na wuce ta gaban tagar, na zagaya, na fita ƙofar asibiti. Ban je ko'ina ba. Na kashe shi a gindin wata bishiyar mangwaro a tsallaken titi, na zauna a kan dutse.

Ban taɓa jin lokaci ya yi nauyi kamar ranar ba. Yayyafi ya fara, ban motsa ba. Ina ta tunanin, in fa ba kunyar ba ce kaɗai? In jijiyar ta mutu da gaske fa? Ina kuma tunanin alƙalami na uku, ba zan ɓoye ba. Sha ɗaya ta yi. Sha ɗaya da rabi ta wuce.

Sai ga Sista ta fito da lema, takarda a naɗe a hammata, fuskarta a ɗaure kamar mai kawo saƙon rasuwa. Ta tsallako titi a hankali. Na miƙe.

Ta ce, "Oga waya, sai haƙuri."

Na ce, "Inna lillahi..."

Ta ce, "Na'urarka ta yi aiki lafiya lau ba kai. Ko alƙalami na ukun bai yi gardama ba."

Sai ta warware takardar a ƙarƙashin lemar. Ga tudu nan, ƙato, kamar an tara ƙasar shuka doya. Ido na dama tudu, na hagu tudu. Ta ce likita da kansa ya kai katin, an sa sunanta saura minti ashirin a rufe. Na zauna a kan dutsen nan jiƙaƙƙe, na rufe fuska da hannu. Sista ta yi kamar tana kallon motoci.

Da na natsu sai ta ce, "Tsaya, akwai wani abu." Ta ja takardar baya zuwa farkonta, ta ɗora yatsa a kan layin alƙaluman gefen ido. "Nan kana ta fama da babur ɗinka, ka ga idon yana ƙasa. Nan ya tashi. To dubi nan." Layin ya ɗago, ya tafi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, santal, ba gargada. "Lokacin da ka wuce ta taga ke nan. Kanta bai motsa ba ko kaɗan, ina tsaye a gabanta. Amma idon ya bi ka har ƙarar ta ɓace. Sannan ta gyara zama da kanta, ta ɗaga kai, ta ce min, 'Yarinya, ina wutar take?'"

Ta yage wannan gefen ta ba ni. Na ninke na sa a aljihu.

An yi wa Inna aiki a mako na biyu, ido ɗaya tukuna, ɗayan daga baya. Aka ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da aka sallame ta na sa babbar rigata ta Sallah, na je Gada Biyu. Ba zan yi ƙarya ba, ina so a gan ni. Shekara biyu ina auren 'yar mutane ba a san ko ni baƙi ne ko fari ba. Na tuɓe takalmi a zaure, na durƙusa a bakin ƙofa, na yi mata barka da arziki. Ta amsa, ta sa min albarka doguwa, fuskarta a bango kamar kullum. Na ɗan jinkirta, na yi gyaran murya, har na ƙara tambayar ya sanyi sau biyu. Ba ta juyo ba. Na tashi na tafi da rigata, raina ba daɗi.

Bayan kamar wata huɗu, na dawo daga aiki matata ta miƙo min wani abu a ƙunshe cikin ƙyalle. Ta ce Inna ta jawo kwanon nan daga ƙarƙashin gado, wannan ce ta farko da ta gama. Hula ce, shuɗiya da fari, zanen ƙanana kamar an rubuta da alƙalami.

A nan sai na faɗi wani abu da ban so faɗa ba. Ni Allah ya yi ni da ƙaton kai. Tun ina saurayi masu sayar da hula a kasuwa in sun hango ni sukan fara duba ƙasan tuli, kuma duk wadda na saya sai an farke an ƙara. Saboda haka na ɗauki hular nan ina shirya kalmar godiya da zan aika ko da ba ta shiga ba. Na ɗora. Ta zauna cif, ba matsi, ba sako-sako, kamar a kaina aka ɗinka ta.

Na ce wa matata, "Kin kai mata tsohuwar hulata ne?"

Ta ce, "A'a."

"Kin auna ni ina barci?"

"Ni ina ruwana da kanka? Na ce mata in kawo awo, ta ce ba ta bukata. Ta ce kan mai babur ya fi na mutane da yatsa biyu, kuma ta ƙeya ya fi tudu."

Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya tana ɗinkinta. Na je gaishe ta sau ba adadi, na sha satar ɗaga ido ko zan kama ta, ban taɓa ganin komai ba sai gefen ɗankwali da sandar tabarau. Hular ta tsufa yanzu, zaren ya koɗe, tana cikin akwatina tare da yagaggiyar takardar nan. Ni sai da na yi da tef da jan fensir, hannuna yana rawa, asibiti guda yana min dariya, kafin in auna kanta. Ita har yau ban san ranar da ta auna nawa ba.